Kwana bakwai a kan sirdi: daga Passau zuwa Vienna a gefen Kogin Danube

Da na gaya wa Inna a waya cewa hutuna na bana a kan keke zan yi shi, daga wani gari a Jamus har babban birnin Ostiriya, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, gaya mini gaskiya, kuɗin mota ne ya gagara?" Na ce a'a Inna, sha'awa ce kawai. Ta ce, "To Allah ya shirya, ya kuma tsare hanya." Ban ga laifinta ba. Ni kaina da na fara ganin masu irin wannan tafiya, sun lafta jakunkuna a kariya suna wucewa cikin yayyafi, kallon marasa aikin yi na yi musu.

Hanyar da na bi wani yanki ne na EuroVelo 6, ɗaya daga cikin dogayen hanyoyin keke 17 da aka shata a faɗin Turai. Ita ta shidan ta taso ne daga bakin Tekun Atlantika a Faransa, tana bin koguna har Bahar Aswad a Romaniya, fiye da kilomita 4,000. Ni kuwa daidai ruwa daidai tsaki, na ɗauki tsakanin Passau da Vienna, wajen kilomita 320. A takarda na raba ta kwana huɗu, tamanin-tamanin, har ina ganin na yi wa kaina sassauci.

Na sauka Passau a jirgin ƙasa ranar Juma'a da daddare, cikin watan Yuli, na kwana a masaukin matafiya, mu shida a ɗaki. Keken da nake zuwa aiki da shi ne, ba wani na musamman ba. Kayana jaka biyu ne a kariya, da tanti, da bargon kwana, da famfo, da tif guda na ko-ta-kwana, da faci da sholisho, sai sallaya mara nauyi. Da sassafe na tura keken zuwa ƙarshen tsohon gari, inda koguna uku suke haɗuwa. Danube na zuwa da ruwa mai duhu-duhu, Inn na gangarowa daga duwatsun Alps da ruwa kore-kore mai haske, ƙaramin cikinsu kuma, Ilz, baƙi ne kamar shayin da ba madara. Sai sun yi nisa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin launin ya gauraye. A bangon gidan hukumar garin an zana layuka da shekaru, kowane layi na nuna inda ambaliya ta kai. Na 1501 ne a can sama, na 2013 na bi masa, shekarar da ruwan ya kai mita 12.89. Na ɗaga hannu iya tsawona, ko kusa da shi ban je ba.

Na bi gaɓar arewa. Hanyar kwalta ce sumul, faɗinta bai fi a jera kekuna biyu ko uku ba, kuma galibi babu mota a kanta. Asalinta turbar dawaki ce. Kafin zuwan jiragen ruwa masu inji, dawaki ne ke jan jiragen kaya da igiya daga bakin gaɓa idan za a haura kogin, shi ya sa turbar ta manne wa ruwa, ba hawa ba gangara. Na saki jiki ina ta murza feda, ina jin kaina wani jarumi, sai na ji ƙararrawa a bayana. Wata tsohuwa ce, gashi fari fat, ta wuce ni kamar ina tsaye, ta ce "Grüß Gott", gaisuwarsu ke nan, mijinta na biye da ita. Na ce a raina ai kekensu mai batir ne. Haka ne kuwa. Amma bayan su sai ga wata mata da yara biyu, ƙaramin bai wuce shekara takwas ba, kowa da ƙaramar jakarsa, su ma Vienna suka nufa, kuma ƙafarsu ce kawai ke aiki. Daga nan na rage ɗaga kafaɗa.

A bakin ruwa akwai fararen alluna masu manyan lambobi. Da farko na ɗauka nisan wani gari suke nunawa, sai na lura lambar raguwa take yi. Ashe shi Danube daga ƙarshensa ake ƙirga shi, daga garin Sulina a bakin Bahar Aswad, a hauro. A Passau lambar ta ɗan haura 2,200. Duk kwanakin nan waɗannan alluna ne abokan hirata.

Iyakar Jamus da Ostiriya tana ɗan gaba da madatsar ruwa ta Jochenstein. Tun daga nesa na tsaya na ciro fasfo da katin zama na sa a aljihun gaba, domin a sanina iyaka wuri ne da ake sauka, a miƙa takardu, a buɗe jaka, a amsa tambayoyi. Babu shinge, babu rumfa, babu ko mutum ɗaya. Wani ɗan rafi ne da ƙaramin allo. Sai da na ga alamun hanya sun koma kore masu rubutun R1 na tabbatar na shiga wata ƙasa. Har na ɗan ji haushi, kamar wanda ya yi kwalliya aka fasa biki.

Can gaba hanyar ta ƙare ƙurmus a gindin dutse, sai fito. Wani ƙaramin jirgin katako ne na masu keke kawai, na biya Yuro uku ya tsallakar da ni zuwa Schlögen. A nan kogin ya ci karo da dutsen da ya gagare shi, ya yi kwana ya koma baya, sannan ya sake juyowa. Na kafa tanti, na hau tudu a ƙafa wajen rabin awa don in gani daga sama. Kogin ya naɗe tudun daji kamar maciji ya zagaye tulu, wani dogon jirgin kaya na lallaɓawa a kwanar.

Da yamma na zauna a gidan abincin sansanin. A takardar abin sha na ga kalmar Radler, wadda a Jamusanci take nufin mai keke. Na ce to, wannan namu ne, na nuna da yatsa. Yarinyar da ke kawo abinci ta riga ta ji na tambayi abin da babu naman alade a ciki, sai ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Ka san rabinsa giya ce?" Ashe giya ce ake sirkawa da lemo. Na ce giyar da na sani a harkar keke ta canja gudu ce. Ba ta gane ba, don wasan a Hausa kawai yake ci, na yi dariyata ni kaɗai. Ta kawo mini Almdudler, wani lemon ganyayyaki da 'yan ƙasar ke ji da shi, da soyayyen kifi da dankali. Rana ba ta faɗi ba sai wajen tara. Na haɗa magariba da isha na yi ƙasaru, na kwanta, na ga kilomita arba'in kacal na yi, rabin abin da na rubuta.

Lahadi ce ta koya mini hankali. Na tashi ba ni da komai sai dabino biyar da rabin burodi, da niyyar in yi sayayya a gari na gaba. A Aschach na tarar da kanti a rufe. Na zagaya wani, a rufe. Dokar ƙasar ce, ranar Lahadi kantuna ba sa buɗewa, in ban da na gidan mai da na manyan tashoshin jirgi. Na san haka ake yi a Jamus, amma zumuɗin tafiya ya sa na manta ranar mako. Ruwa dai ban rasa ba, akwai famfunan sha a hanya. Ga yunwa, ga kuma abin da ba a faɗa a gaban surukai: mazaunaina sun ɗau wuta. Ƙafa lafiya lau, numfashi lafiya lau, amma zama a kan sirdi ya zama kamar zama a kan garwashi. Ina tuƙi ina miƙewa tsaye, in zauna a gefe ɗaya, in koma ɗayan.

A haka na isa mafitar Ottensheim, wadda ta ɗan mantar da ni halin da nake ciki. Jirgin fiton babba ne, har motoci yake ɗauka, amma ba inji ke tura shi ba. An ɗaure shi da wata igiyar ƙarfe da aka miƙa a sama daga gaɓa zuwa gaɓa, matuƙin sai ya karkata shi kawai, ƙarfin ruwan ya tura shi ya tsallaka, shiru ba ƙara. A cikinsa wani dattijo ɗan Holan ya ga yadda nake tafiya a tattale, ya tambaya ko zai iya duba kekena. Ya sa na hau, ya ce in ɗora diddige a feda. Ya girgiza kai, ya ciro ɗan makulli daga aljihu, ya ɗaga sirdin kamar faɗin yatsu biyu, ya daidaita bakinsa da ya ɗan kalli sama. Ya ce shekarunsa 74, wannan ne zuwansa na uku, kuma bai taɓa wuce kilomita hamsin a rana ba. Ya tambaye ni, "Wani ne ke jiranka a Vienna?" Na ce babu. Ya ɗaga kafaɗa ya mayar da makullinsa. A Linz na samu shagon wani Baturke a buɗe, na ci shawarma biyu a tsaye, na yage takardar kwana huɗun nan.

Ranar Litinin, tafiyar awa biyu daga Linz, akwai allo mai nuna hagu zuwa Mauthausen. Yawancin masu keke wucewa suke yi, don hawan yana da tsauri. Ni ma sai da na sauka na tura. A saman tudun akwai katanga ta dutse mai hasumiyoyi, sansanin da 'yan Nazi suka buɗe a 1938, watanni kaɗan bayan sun haɗe Ostiriya da Jamus. Mutum wajen 190,000 aka tsare a nan da rassansa kafin sojojin Amurka su iso ranar 5 ga Mayu 1945, kuma aƙalla 90,000 ba su fita da rai ba. Shiga kyauta ne. An zaɓi wurin ne saboda mahaƙar dutsen da ke gefensa. Daga ramin mahaƙar zuwa sama akwai matakala 186, waɗanda fursunoni ke hawa a jere, kowa da ƙaton dutse a bayansa, masu gadi na dukansu. Idan na gaba ya faɗi, sai ya tafi da na bayansa. Na tsaya daga sama ina kallon ramin, yanzu ciyawa ta rufe shi, har da ɗan tafki da tsuntsaye. Akwai wani ɗaki mai duhu da aka rubuta sunayen mamatan a kan baƙin gilashi, dubbai a jere, ƙanana-ƙanana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusancin wurin da gari. Daga bakin katangar ana hango gonaki da rufin gidaje, kuma a lokacin ma suna nan. Ni da na hau tudun ina mitar ciwon mazaunai, na gangaro ban ce uffan ba, har Grein ban saka komai a kunne ba.

Talata ba wani labari sai faci. Bayan Ybbs tayar baya ta sace, na canja tif, ban lalubo ɗan gilashin da ya maƙale a cikin tayar ba, kafin kilomita biyu sabon ma ya tafi. Na zauna a ciyawa na yi faci biyu. A gari na gaba na ga wata na'ura a jikin bangon shagon keke, irin ta sayar da lemo, amma tif ne a ciki, kowane da lambar girman taya. Na zura Yuro tara ya faɗo. Ina shiga Melk hadari ya haɗo, ga katafaren gidan ibadar 'yan Benedikt mai ruwan ɗorawa a kan dutse, wanda sufayen Kirista ke zaune a cikinsa tun 1089, ya yi fes a gaban baƙin gajimare. Ban yi marmarin tanti a wannan ruwa ba. Na ga allon "Zimmer frei" a ƙofar wani gida, wato akwai ɗaki. Matar gidan ta karɓi Yuro 55 har da karin kumallo, ta nuna mini rumfar ajiye keke, ta cusa tsofaffin jaridu a cikin jiƙaƙƙun takalmana. Da safe sun bushe.

Daga Melk zuwa Krems shi ne kwarin Wachau, bai kai kilomita arba'in ba, amma yini guda na yi a cikinsa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Duwatsun gefen kogin an yanka su hawa-hawa, an tokare kowane hawa da katangar dutse, an shuka inabi har sama. A ƙasa kuma gonakin wani ɗan itace ne da suke kira Marille, girmansa kamar ƙwan kaza, launinsa tsakanin ja da ruwan ɗorawa, mai ƙwallo ɗaya a ciki. Na yi sa'a lokacinsa ne. A ƙofar wata gona na ga tebur da kwanduna cike, da farashi a rubuce, da ƙaramin akwatin jefa kuɗi. Babu kowa. Na yi gyaran murya, na leƙa bayan shinge, na jira. Babu kowa dai. Na jefa Yuro biyar na ɗauki kwando, na zauna a kan katanga ina sha, ruwan na gangarowa har gwiwar hannu. Ina nan zaune mutum huɗu suka tsaya, kowa ya jefa nasa ya wuce, ɗaya ma ya buɗe akwatin ya ɗauki canjinsa. Na sha fiye da kima, cikina ya ba ni labari da yamma.

Hanyar a nan tana kutsawa cikin ƙauyuka masu lunguna da daɓen dutse. Na ratsa Willendorf, inda a 1908 aka tono wani ɗan mutum-mutumin mace na dutse, tsawonsa santimita 11, wanda ya haura shekara 25,000. A Dürnstein na jingine keke na hau zuwa kangon ganuwar da aka tsare Sarkin Ingila Richard a 1192, lokacin da yake komawa gida daga yaƙinsa da Salahuddin. Ya bi ta ƙasar a ɓoye, aka gane shi kusa da Vienna, mai mulkin Ostiriya Leopold na Biyar, wanda suka samu saɓani da shi a Akka, ya kama shi, sai da Ingila ta biya fansa mai yawa. Na daɗe da sanin labarin Salahuddin, ban taɓa zaton zan tsinci ƙarshensa a kan wani tudu mai kallon gonakin inabi ba.

Kowa ya ce mini a bi kogin ta gangare saboda iska daga yamma take busowa, tana tura mutum. Ranar Alhamis ta juya. Bayan Krems ƙasar ta buɗe, hanyar ta hau kan doguwar gaɓar da aka ɗaga, miƙaƙƙiya ba itace ba kwana, iska na dukan ƙirjina. Na sauko giya mafi sauƙi a fili shimfiɗaɗɗe, ina tafiya kamar mai jan turmi. Allunan bakin ruwa da suka zama abokaina, ranar nan sai na ga kamar da gangan suke jinkirin zuwa. A Zwentendorf na fake a gindin wani ƙaton gini mai dogon bututu. Tashar nukiliya ce da aka gama ginawa tsaf, sannan aka tambayi jama'a ranar 5 ga Nuwamba 1978 ko a kunna ta. Kashi 50.5 cikin ɗari suka ce a'a. Ba a taɓa kunna ta ba har yau. Ana koyar da ma'aikata a ciki, an kuma jera faifan sola a harabarta. Na ci burodi da cuku a inuwarta, na lallaɓa zuwa Tulln.

Juma'a na yi sammako don ina da inda nake so in riska. Na tsallaka ta kan madatsar Greifenstein, na bi ta Korneuburg, na shiga Vienna ta Donauinsel, wani siririn tsibiri mai tsawon kilomita 21 da aka yi da hannu tsakanin 1972 da 1988, daga ƙasar da aka haƙo lokacin da ake yanka wa kogin hanya ta biyu saboda ambaliya. Daga kansa na hango koren ƙubba da hasumiya a ɗaya gaɓar. Babban masallacin Vienna ke nan, wanda aka buɗe a 1979, hasumiyarsa mita 32. Na ɗaure keke, na sa dogon wando a kan na tuƙi, na yi alwala. Sahu ya cika da Turkawa da 'yan Bosniya da Larabawa da 'yan Afirka. Bayan sallama ina ɗaure jaka ina magana da Inna a waya, sai wani dattijo mai farar hula ya dafa ni.

"Malam, Hausa nake ji?"

Na ce, "Ita ce, Alhaji. Barka da Juma'a."

Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Ya dubi keken, ya dubi fuskata da rana ta ƙona, ya ce daga ina? Na ce daga Passau. Ya ce, "A kan wannan? Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, Alhaji, yawo ne. Ya ce shekararsa ashirin da wani abu a garin, kullum yana ganin Turawa na wucewa da jakunkuna ta bakin ruwan nan, bai taɓa kawowa a ransa akwai namu a ciki ba. Ya rantse sai na ci abinci a gidansa, muka tafi yana gaba a ƙafa ina tura keke a baya.

Da na yi lissafi, kwana bakwai sun ci mini kusan Yuro 400 ban da kuɗin jirgi. Sansani tsakanin 12 ne da 18 a dare, sauran ya tafi a abinci da fito da ɗakin Melk. Allon ƙarshe da na gani a bakin ruwa yana nuna 1,929. Daga nan Bratislava ba ta fi tafiyar yini guda ba, bayanta Budapest, bayanta Belgrade, amma hutuna ya ƙare.

Asabar na kama jirgin komawa, bayan na biya wa keken nasa gurbin daban. Ta taga na riƙa hango wuraren da na sha wuya suna wucewa kamar ƙiftawar ido, Melk ma ban gama nuna wa na kusa da ni ba ta ɓace. Ƙasa da awa uku muka isa Passau. A nan ne 'yan sandan Jamus suka shigo duba takardu, aka nemi fasfon da na yi ta tanadi tun ranar farko. Jami'in ya duba, ya miƙo mini, ya kalli keken da ke rataye da busasshen taɓo a jikinsa, ya ce, "Har ina?" Na ce Vienna. Ya ce kwana nawa? Na ce bakwai. Ya ce shi da 'yarsa biyar suka yi, ya wuce kujera ta gaba.